Ba Mai Fitilun Ba, Masoyina

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa. Zuwa ga Mai Fentina, wanda ƙanshinsa rabi turare ne, rabi kananzir ɗin wanke buroshi!

Gaisuwa mai yawa kamar ganyen damina. Bayan haka, ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara, kai ne alƙali.

Ka tuna ranar da ka ce in raka ka shagon kwamfuta? Na ci kwalliya, na ɗauka fita ce ta masoya. Muna shiga ka saki baki gaban waccan kwamfutar ta cikin gilashi, mai fitilu ja da shuɗi suna kewayawa kamar an kulle bakan gizo a akwati. Wayyo ni! Tun da muka haɗu, ka taɓa yi mini irin wannan kallon? Na yi gyaran murya, na kaɗa makullai, har ƙafarka na taka. Ko gezau! Sai da mai shago ya faɗi kuɗinta sannan ka tuna ka zo da mutum, ka juyo ka ce, "Zo mu tafi, zafi ya yi yawa a nan." A shagon da sanyi ya sa ni rawar ɗari!

Na yi dariya a lokacin. Amma a hanya, da ka ce ka haƙura da makarantar zane tunda sai da kwamfuta ake shigarta, za ka koma kan tsani kana rubuta allunan shaguna, sai na daina dariyar. Tsani kuma, hasken zuciyata? Ni ce fa na wanke maka ciwo ranar da ya zame da kai. Na riƙe auduga ina goge maka jini kamar yadda nake yi wa marasa lafiya a asibitinmu. Shin yatsun da ke zana tsuntsu har mutum ya saurari kukansa, su ne za su ƙare a rubuta "Ana sayar da ƙanƙara a nan"?

Don haka ban shawarce ka ba. Na tashi daga aiki na nufi wurin malamar makarantar, ko kayan asibiti ban cire ba. Da na kwatanta mata budurwarka ta gilashi, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce fitila ba ta zane. Ta ce ɗalibi ya nemi mai ram da yawa, wato wadda za ta ɗauki aiki mai nauyi ba ta yi haki ba, ya kuma sa ido sosai a kan sikirin, ya zama mai nuna launi na gaskiya. Saura duk ado ne.

Na koma shagon, na wuce gilashin ban ko gaishe ta ba. Can ciki, bayan kwalaye, na same ta: baƙa, ta hannu, daga wani ofis da aka rufe, da ƙarce a gefenta kamar ta yi faɗa da mage. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta da kyau. Amma, ya farin watana, na sa an buɗe mata manyan hotuna bi da bi, ko tari ba ta yi ba! Fankarta shiru kamar iskar asuba. Mai shago ya ce akwai wurin ƙara mata ƙarfi in hali ya yi. Na sa hotona na gwada sikirin ɗin, sai ga ni na fito da launin da Allah ya ba ni, ba kamar tsohuwar kwamfutar da kake ara wurin ƙanwarka ba, wadda ta mai da ni koriya kamar kabeji, kai kuma ka rantse haka na fi kyau.

Na ba da kafin alƙalami da abin da nake tarawa na sabuwar waya. Kada ka ɓata rai. Wayata tana kira, kuma kai kaɗai nake kira. Ragowar bai fi ƙarfin abin da ka ajiye ba. Za a riƙe mana ita zuwa ƙarshen mako, ranar da za a rufe rajista. Yayarka ma ta ce ta bar maka teburin guga ka ɗora kwamfutar a kai, da sharaɗin ka zana mata allon shagonta kyauta.

Ka zo, don Allah, ruwan sanyina. Ka zo ka taɓa ta da hannunka. In ba ta yi maka ba, mu sake nema tare, lungu-lungu, har takalmana su tsinke. Amma kada ka sake ce mini ka haƙura. Wannan kalmar ta fi mini allura zafi, kuma ka san na san allura.

Mai shago ya ba ta garanti na 'yan watanni, har da hatimi. Nawa garantin ba shi da hatimi, ba shi kuma da ranar ƙarewa.

Taka, yau da gobe, har numfashi ya ƙare,
'Yar asibitinka.