Mun Mayar wa Inna da Ƙofarta

Roni,
18 ga Mayu, 2011.

Zuwa ga yayata Adda Zubaida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu ma nan kowa lafiya, sai zafin bazara. Inna tana nan da ƙwarinta, idon ne dai kullum yana ƙara dushewa.

Kin ce in riƙa sanar da ke yadda aikin gida ke tafiya. To, an gama ginin sabon ɗakin Inna a gurbin tsohon, da ɗakuna biyun da muka ƙara ta bayan rumbu. Malam Haladu kafinta ya ɗora katakon rufi, yanzu tun daga bakin masallaci ana hango shi tsaye. Ranar da aka rushe ɗakin ƙasa ban iya tsayawa ba, Adda. Da na ga an sauke azarar nan da hayaƙi ya baƙanta, wadda marigayi Baffa, mahaifinmu, yake soke allunanmu a jikinta, sai na bar wurin na tafi gona ba tare da wani aiki ba.

Amma akwai kuskuren da muka yi. Magini ya ce ƙofa ta kudu ta fi dacewa da sabon tsari, muka yarda, ba wanda ya tambayi mai ɗakin. Ran nan bayan la'asar Inna ta fito daga ɗakin matata Shatu, inda take zaune kafin a gama, ta ce za ta duba aiki. Ta taka daga bakin rijiya kamar yadda ta saba, ta miƙa hannu ta gabas, sai ta taɓa bulo. Ta daɗe tana shafa bangon. Ta ce Allah ya sa albarka, ta juya. Kwana biyu tuwo yana komawa yadda aka kawo mata. Daga baya ta shaida wa Shatu cewa ta wannan ƙofa aka shigo da ita amarya daga Gwiwa, ta nan hantsi yake samun ta shekara arba'in da shida, ta nan kuma aka fitar da gawar Baffa. Ta ce ido ya tafi, amma ƙafarta ba ta manta hanya ba.

Malam Haladu ya ce mayar da ƙofar sai an fasa bango, an zuba sabuwar linta ta kankare a saman ƙofar, an sauke katako uku, aikin mako biyu, ga hadari ya fara haɗuwa. Ƙaninmu Daudu ya ce a bari, za ta saba. Na ce masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a koya wa tsohuwa sabuwar hanya a cikin gidanta. Muka ɗan yi sa-in-sa, amma washegari shi ya fara ɗaukar guduma.

Jiya aka kafa ƙyauren. Inna ta taso daga rijiya ba mai riƙe ta, ta shige kai tsaye, ta zauna a kan bulo a ɗakin da ba rufi, ta ce a kawo mata furarta nan. Kwanon rufi sai mako mai zuwa. Ki taya mu addu'a kada ruwa ya riga mu. Inna kuma ta ce in gaya miki an ɗaga ƙofar, goshinki ya huta da karon da ya sha tun kina budurwa, saboda haka ba ki da sauran uzuri, Babbar Sallah a nan za ki yi ta.

Ki gaishe da Alhaji, da Nuruddeen da Shahida. Shatu da Daudu da Gwaggo Baraka suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Lauwali