Ƙarfen Duba Taya Na Auta Ne

Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna. Jiki ya ƙi, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya sa ni. Ina zaune a bakin gado, magunguna a kan kujera, rediyo a kashe. Ba na jin tsoro. Gaskiya ba na jin komai sosai. So nake in gama kafin hannun ya gaji.

1. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara. Keken ɗinkin mahaifiyarku, ina roƙonku ku bar wa 'yar'uwarku. Ita kaɗai ta iya shi.

2. Auta, ƙarfen da ke bayan ƙofa naka ne, tunda kai ka zaɓi tuƙi. Shekara talatin da ɗaya ina zagaya mota da shi kowace safiya, ina buga tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarar kaɗai nake gane wadda iska ta ragu.

3. Na ji an ba ka zaɓi: tifar yashi a cikin gari, ko tankar mai ta dogon zango. Na ji yayanka Babba yana tura ka ga tanka don albashin ya ninka, kai kana jan ƙafa, har kun daina gaisawa. Duka na tuƙa, har da tirela. Tifa ƙura ce da ciwon baya, kuma ba mai girmama ka a tasha. Tirela jira ce, kwana biyar a layin lodi. Tanka ita ce mai kuɗi. In rabin kaya ka ɗauko ka taka birki, man zai taho ya bugi gaba, ya tura ka inda ba ka nufa ba. Wannan ana koyonsa.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne wannan. Ranar da mahaifiyarku ta rasu ina nesa, tanka cike. Ba a barin mai a gefen titi. Na kai, na sauke, na sa hannu a takarda, na juyo. Na tarar an naɗe tabarmin zaman makoki. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba.

In kun kira waya nakan tambaya wane ne, kuna cewa kunnen Baba ya tafi. Kunnena lafiya lau. Muryoyinku ne ban taɓa zama na koya ba.

Auta, 'yarka watanta biyar. Ka ɗauki tifa. Tanka ba ta ƙarewa, tana nan in yarinyar ta girma.

4. Babba, ba laifinka ba ne. Da kuɗin tanka ka yi karatu, shi ya sa kake ganin darajarta. Amma kai ne babba, kai za ka fara zuwa gidan ƙaninka. Kada ka jira ranar jana'izata.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya da gida. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci tare ko da sau ɗaya a wata. In kun kira ni kafin lokacin ya yi, kada ku faɗi ko wane ne. Ku ɗan yi magana tukuna. Ina so in gwada.