Tantabarun Kakanka Suna Magama

Magama, Jibiya.

Zuwa ga ɗana Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mutmainna da yara. Yaya tarin Ilham, ya sake ta? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ka sani.

Badaruddeen mai kemis ke rubuta mini, na ce ya sa magana yadda ta fito, kar ya gyara. Ina jin waya tana ta kuka, na san kai ne. Ba na ɗauka ne don ka fi ni saurin baki.

Na baro Madarunfa kamar yadda ka matsa, na kulle gida, na wuce duwan, wato kwastan na can ƙetaren iyaka, lafiya. A nan Magama ne masu duba dabbobi suka buɗe kwandona suka ga tantabaru biyu, Baƙin Wuya da matarsa Fara. Likitansu, Malam Abbas, mutumin kirki, ya ce ana murar tsuntsaye, dole a killace su a ga lafiyarsu kafin su shiga ƙasa. Direban da ya ɗauko ni ya so tun farko in cusa su cikin riga. Na ƙi. Kakanka Mahmudu ya fita da kakanninsu daga Riko, garinmu na asali a nan ƙasar Jibiya, cikin ƙwarya, shekarar yunwa, da rana tsaka. Ba za su komo kamar kayan sumoga ba.

Sauran duk na raba wa maƙwabta. Waɗannan kaɗai suka rage a hannuna, kuma uwarka, Allah ya ji ƙanta, ita ta ciyar da Fara da bakinta lokacin da shaho ya ɗauke iyayenta. An ce in wuce Katsina wajenka, a aiko mini da su. Ban wuce ba. Ina kwana a zauren wani ɗan Daddara, abinci ba laifi.

Ka gaida kowa.
Mahaifinka, Maharazu.

Ɗana Badamasi,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗi da tarin yarinya ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, har da faɗan da ke ciki.

An sallami tantabarun. Malam Abbas ya ce ƙalau suke. Amma ba zan taso ba tukuna, ka saurara kafin ka yi fushi.

Da aka sa su a kejin ƙarfe sun ƙi cin dawa. Sai na roƙa aka bar ni na sa musu tsohuwar tukunyarsu da na ɗauko daga katangar gida, don su ji warin da suka sani. Suka ci kuwa. Suka ci har Fara ta saki jiki ta yi ƙwai biyu a ciki. Yanzu tana kwanci, shi yana karɓarta da hantsi. In na ɗora tukunyar a mota, kafin Katsina ƙwan ya girgiza, ita kuma ba za ta sake hawa ba. Fara ta tsufa, ban san ko za ta ƙara yi ba.

Badaruddeen ya ce laifin tukunya ne. Na ce ya rubuta abin da aka sa shi.

Kullum ina zama a bencin ƙofar ofis. Masu manyan motoci sun fara ce mini Baba Kwastan, wani har takardunsa ya miƙo mini. Na karɓa na duba, a juye ashe.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka, Maharazu.

Badamasi,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan an tashi lafiya.

Ƙwan Fara sun ƙyanƙyashe, duka biyun, har sun yi gashi sun fara tsintar gero da kansu. Ɗaya ya ɗauko wuyan ubansa.

Jiya na gwada iyayen. Na kai su bayan kasuwa na sake. Na ɗauka arewa za su yi, gida. Suka tashi, suka yi kewaye, suka sauka a kan kwanon ofishin Malam Abbas. Na daɗe a tsaye. Tantabara inda ta yi 'ya'ya nan take komawa, na san haka tun ina yaro. Ko na kai su Katsina na fige musu fiffike, ranar da ya tsiro nan za su nufo, kuma Baƙin Wuya ba shi da ƙarfin wannan hanya.

Na bar wa Malam Abbas su, da tukunyar. Ya yi alkawarin ba za a yanka su ba, a gaban liman ya faɗa, don ni na kira liman. Na koya masa yadda ake kiran Fara. Bai iya ba, amma ta zo.

Ka aiko mota ranar Lahadi bayan an ci kasuwa. Zan zo da 'ya'yan. Ka sa a rataya sabuwar tukunya a katangar gabas, inda kyanwa ba ta kaiwa, ka kuma gaya wa Mutmainna ba na miya ba ne. Su ba za su ba ka wahala ba, ba su san ko'ina ba tukuna. Ni ne na san hanya. In ka ga na ɗauki sanda na ce zan je tasha in gaida wani, ka hana ni.

Mahaifinka,
Maharazu Mahmudu.