Lungun Makara da Ƙarar da Na Kai Malam Bulus Safiyo

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke kula da takardun gidaje da filaye na yankinmu,

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah Ya taya ka riƙo.

Sunana Haruna Idi, ina ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe a Panteka. In sunan bai tuna maka komai ba, tambayi masinjanka mutumin nan da ya tsaya a barandar ofishinku yana tada jijiyar wuya har masu jiran layi suka miƙe suna kallo. To, ni ne. Ni ne kuma na rubuto ƙarar da ta sa aka ba Malam Bulus safiyo, mai awon filaye, takardar tuhuma, aka hana shi fita awo, alhali saura 'yan watanni ya yi ritaya. Na zarge shi da neman cin hanci, kuma wallahi ƙarya na yi masa, ko da yake a lokacin ban san ƙarya ba ce. Tunda a gaban jama'a na ci mutuncinsa, ba zan lallaɓo ta bayan gida in ce a yi haƙuri ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma kada ka ɗauka na fasa fushi da ofishinka, fushin yana nan, na dai gano inda ya kamata in sauke shi.

Na farko, yadda abin ya faro. Bara, bayan Sallar layya, na sayi wani tsohon gida a Malali a hannun magada. Shekara goma sha tara muna haya a Rigasa, ni da maiɗakina da yara da mahaifiyata, Inna, wadda ciwon gwiwa ya kusa zaunar da ita. Abin da ya fi jan hankalina a gidan shi ne, takardarsa ta nuna filin ya zarce katangar yamma da taku biyu manya. Wurin ya zama lungu, mutanen gidaje shida na baya suna bi. Dillali ya ce garaɓasa na samu, in rushe katangar in shigo da abina, ai mutanen suna da wata mafita ta bakin kwalbati, ko da yake a kaikaice mutum yake binta. Nan take na hango wa Inna ɗaki mai banɗaki a ciki, ta huta da tsallaka tsakar gida da buta. Saboda zumuɗi, tun ba a je ko'ina ba na ƙera wa gidan babbar ƙofa wadda sai an shigo da lungun za ta zauna. Amma ban aza bulo ko ɗaya ba, don na ga yadda jan fentin rusau ke bayyana a bangon mutane. Na ce sai an sauya suna, an auna, an sa hannu.

Na biyu, jinkirin, wanda shi ne ainihin kukana. Wata biyar fayil ɗina ya yi yana yawo a ofishinka kafin ya isa teburin Malam Bulus. Na kawo hoton fasfo sau uku, don na farko ya ɓace, na biyu kuma an ce hulata ta rufe goshi. Yau a ce na'ura ba ta da sabis, gobe a ce mai mukullin kabad ya tafi ta'aziyya, jibi a ce oga yana mitin. Akwai wani bawan Allah a teburin karɓar takardu da bai taɓa ɗaga kai ya kalle ni ba, har na fi sanin tsakiyar kansa da fuskarsa. Aka yi sati shida ana cewa fayil ɗin yana sama, ashe yana ƙasa, aka zaro shi da shatin gindin kofin shayi a bayansa. Haba, ranka ya daɗe!

Ka san abin da wannan ya jawo mana? Na riga na yi sallama da maigidan hayarmu, shi kuma ya ba wani gidan. Ranar da wa'adi ya cika, muka kwashi komatsanmu muka tare a ɗaki biyu na yayan maiɗakina a Mando, mu tara. Gidan Malali ba ya zaunuwa, rufinsa duk ya yage, kuma ba na son in yi aiki biyu. Damina ta same mu da katifu a jingine a baranda, har suka yi funfuna. Yara kuwa na riga na mayar da su makarantar Malali, kullum sai sun hau Keke biyu. Maiɗakina ta daina tambayata labarin takarda, sai dai ta dubi fuskata in na shigo ta ci gaba da tankaɗenta. Inna ce kawai ba ta gajiya. Duk safiya sai ta ce in je dai, ƙila yau ne.

Na uku, Malam Bulus. Fayil ya isa hannunsa ranar Litinin, Laraba da hantsi sai ga shi a Malali a kan wani tsohon babur, da tef ɗinsa da littafi a aljihun gaba. Dattijo ne siriri mai furfura, ba ya gaggawar magana. Ya gaida maƙwabta ɗaya bayan ɗaya kafin ya zare tef. Ya auna gaba, ya auna baya, ya shiga lungun, sai na ga ya tsaya a kusurwar katanga ya daɗe yana shafa ta. Kusurwar ba a tsaye take ba, an sare ta an yi mata kwana. Ni sau nawa na wuce ta ban kula ba. Ya juyo ya ce mini awo ya yi daidai da takarda, filin nawa ne, amma ba zai sa hannu a zanen sabuwar katanga ba sai ya san dalilin da ya sa aka sare kusurwar nan. Ya ce in ba shi sati guda.

Sati guda! Bayan wata biyar! Raina ya ba ni cewa irin maganar nan ce da muka saba ji. Na ja shi gefe na dunƙula masa abin goro. Ya buɗe aljihun rigata da kansa ya mayar, ya ce in saya wa tsohuwa man zafi. Mai hankali da nan ya gane irin mutumin da ke gabansa. Ni kuwa shaiɗan ya raɗa mini cewa rainawa ya yi. Washegari na zo ofishinku na yi abin da na yi, na sa aka buga mini ƙara, na ce yana riƙe mini takarda don in ƙara masa. Abin mamaki, ofishin da ya yi wata biyar bai motsa fayil ɗina ba, cikin kwana biyu ya motsa wannan ƙarar.

Na huɗu, abin da ya yi bayan na ɓata masa suna. Da ni ne, wallahi ko sunan Malali ba zan sake son ji ba. Shi kuwa ranar Asabar, ranar hutunsa, da tuhumar a aljihu, ya koma Malali wurin mai unguwa. Mai unguwa sabo ne, bai sani ba, ya tura shi wurin ladanin masallaci. Ladan ya ce akwai babbar 'yar marigayin da ya gina gidan, Hajiya Kande, tana aure a Kawo. Ya bi kwatance har ya same ta. Daga can bai zame ko'ina ba sai rumfata a Panteka. Da na hango shi na ɗauka rigima ce ta zo, har na ajiye guduma na gyara tsayuwa. Sai ya yi sallama, ya nemi benci ya zauna, ya ba ni labarin da Hajiya Kande ta ba shi.

Tun tana budurwa, matar wani maƙwabcinsu na baya ta rasu. Aka kawo makara daga masallaci, ta ƙi shiga, don hanyar bakin kwalbati ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, balle masu ɗauke da gawa. Dole aka naɗe baiwar Allah a tabarma aka miƙo ta ta saman katanga, mijinta yana tsaye yana kallo. Mahaifinsu bai iya cin abinci ba ranar. Ana gama sadakar uku ya ɗauko diga ya rushe katangarsa da hannunsa, ya janyo ta ciki taku biyu, ya sa magini ya sare kusurwar yadda makara za ta juya. Bai rubuta ko'ina ba. A zamaninsu, abin da mutum ya faɗa a gaban maƙwabta bayan sallar Asuba ya fi hatimi. Ƙannenta da suka sayar mini da gidan ba a ma haife su ba a lokacin, ita kuma ba wanda ya tambaye ta.

Na tambaye shi yadda aka yi ya zargi haka, shi da ba a makara ake ɗaukar nasu ba. Ya yi murmushi ya ce ya tsufa yana auna gidajen Musulmi a garin nan, kuma ba wanda ke sare kusurwarsa don ado. Ko mota ce za ta juya, ko makara, lungun nan kuwa mota ba ta shigarsa. Ya ƙara da cewa doka tana bayana, in na ce a gina zai rubuta gaskiyar awo kamar yadda take, abin da bai yarda ba kawai shi ne in toshe hanyar ban san me na toshe ba. Ko kalma ɗaya bai ce mini game da ƙarar ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da na yi wayo.

Da na kai wa Inna labari, ba ta bari na gama ba. Ta ce ita da ke jiran makarar yau ko gobe, ita ce za ta kwana a kan hanyarta? Ta ce in ma na gina, sai dai in zuba awaki a ciki. Ta zaɓi ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure, na gina mata banɗaki a jikinsa. Wani safiyon ne ya ƙarasa aikin, tunda Malam Bulus kun zaunar da shi, amma da bayanan littafinsa aka yi, aka fitar da lungun aka rubuta shi hanya. Ƙofar nan da na ƙera da alfahari, da hannuna na yanke ta na rage mata faɗi, abokan aikina suna ta yi mini tsiya wai na ɗinka riga kafin a haifi yaro.

Mun tare ana saura kwana kaɗan azumi. Ba mu cika wata biyu ba, Allah Ya yi wa Malam Tanko mai kayan miya rasuwa, a gida na ƙarshe can cikin lungu. Shi ne mutumin da ya fara kawo mana ruwa ranar da muke sauke kaya. Ina cikin waɗanda suka ɗauko shi, ni ne a gaba ta hannun dama. Da muka iso kusurwar nan, kafaɗata ta gogi katangata, makarar ta juya da ƙyar, tsakaninta da bango bai fi tafin hannu ba. Ta wuce. Ranka ya daɗe, a daidai wurin ne na so in ajiye gadon Inna. Na kasa riƙe hawaye, mutane suka ɗauka sabo ne da mamacin, alhali duka-duka sanin wata biyu na yi masa.

Saboda haka ga roƙona.

A janye ƙarar da na kawo, a cire takardar tuhumar daga fayil ɗin Malam Bulus, kada ta bi shi gida. In an karanta waccan a gaban ma'aikata, to a karanta wannan ma a gabansu. In akwai hukuncin wanda ya yi wa ma'aikaci ƙazafi, ga ni, kun san rumfata. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a rana yana jan tef bai cancanci ya fita da tabon da ni na shafa masa ba.

Sannan a binciki wata biyar ɗin nan. Sati ɗaya Malam Bulus ya nema, kuma ya faɗi dalili. Su waye suka cinye sauran ba dalili? Kada a bar jaki a doki taiki. Akwai masu jira a barandar nan yanzu haka da katifunsu ke ruɓewa a gidan surukai.

Kuma kafin ya tafi, a haɗa shi da matasan safiyoyinku su zaga tsofaffin unguwanni, Malali da Kawo da Unguwar Shanu, ya nuna musu abin da ido ke gani wanda na'ura ba ta gani. Irin lungunan nan da aka bayar da baki suna da yawa, waɗanda suka san labarinsu kuma suna ta ƙarewa. A rubuta su tun da sauran masu shaida.

Shi bai san na rubuto wannan ba, da ya sani ma ina jin hana ni zai yi. Na je har gidansa neman gafara, na shirya jawabi mai tsawo, ya katse ni da tambayar ko gwiwar tsohuwa ta yi sauƙi.

Ina roƙon Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare ka daga sa hannu a kan abin da ba ka bincika ba, Ya sa ka gama da ofishin nan lafiya. Inna kuma ta ce lallai in rubuta nata saƙon yadda ta faɗa, kada in gyara: a gaya wa Bulus, yadda ya bar wa bayin Allah hanyar fita, Allah Ya buɗa masa tasa, kada ta ƙuntata gare shi duniya da lahira.

Wassalam.

Naka mai girmamawa,
Haruna Idi,
Malali, Kaduna.