Wayar Inna da regileta ukun da ka haɗa

Fatakwal

Zuwa ga ƙanena Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Jummai da yara, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Ni ma lafiya, sai gajiya da ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa.

Direba na ba wasiƙar nan saboda wayar Inna ta daina shiga. Na kasa zaune na kasa tsaye har na samu ƙanwarmu Binta a wayar maƙwabta, ta ce wayar ta ƙone a allon cajin da na bar maka a shagonmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Ta ce da masu adaidaita masu kawo caji suka yi maka yawa, sai ka jera regileta uku, 'yan na'urorin da ke daidaita wuta, ƙafa da ƙafa don wuta ta ƙaru, da suka ɗau zafi ka ɗora musu jiƙaƙƙen tsumma kamar randa. Haba Rabi'u. Kai kana ganin Inna kullum, ni muryarta kaɗai nake da ita a nan, ita ce ka ƙona.

Amma ban ce tunaninka banza ba ne, regileta ɗaya ba za ta ciyar da wayoyin Tarauni ba. Sai dai in ka jera su haka ba sa raba aiki daidai. Ɗaya ce ke ɗaukar kayan duka har ta mutu, wutar batir ta wuce kai tsaye cikin waya. Cire biyu, ka canza ta ukun. Ka sa ƙaramin resisto a mashigarta, ka haɗa babbar taransisto a gefe yadda na zana maka a bayan takardar nan. Regileta ta riƙe bolt biyar, taransisto ta ɗauki nauyin. Ka ɗaure taransiston a faffaɗan alminiyam don ya sha zafinta, ka sa fis, tsumman kuma ka mayar wa Jummai. Ka gwada da mita da ƙwan fitila kafin ka soka wayar kowa.

Na sako wata waya a kwalin da na ba direban. Kada ka rubuto min cewa ka gyara. Ka yi cajinta a allon, ka miƙa wa Inna ta kira ni da kanta.

Ka gaida Inna, da Binta, da Gwaggo Indo ta Hotoro.

Yayanka,
Isyaku