Wayoyin da Mama Ta Liƙa

Todmorden, watan Yuni

Yaya Trevor,

Ina gaishe ka, don Mama ta koya mana a fara da gaisuwa ko da maƙiyi ake rubuta wa. Ina fatan gidan yari ya karɓe ka yadda ka cancanta.

Tunda a kotu ka ƙi ɗaga kai ka dubi hotunan, bari in gaya maka abin da ka yi wa mijina. Muƙamuƙin Neville ya karye gida biyu, an ɗaure masa haƙora da waya, romo yake zuƙa ta bututun roba. Yatsun damansa da ka tattaka, likita ya ce ba za su sake riƙe ƙaramin abu ba. Da guntun layin dogo ka rafke shi, a gaban Baba, a gaban 'yan ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na lambu da matansu, kowa riƙe da kofin shayi. Daga kicin na jiyo ƙarar ƙashin. Na goge dutsen gefen tafki har hannuna ya saɓule, jinin ya ƙi fita.

Ka gaya wa alƙali wai ya ƙone Doris, ɗan kan jirgin ƙasan da ubanka ya ƙera da hannunsa ya raɗa wa sunan marigayiya uwarka. Kai kaɗai ta haifa? Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ba ya iya durƙusawa ya goge layin, kuma ka san Doris ba ta motsi sai layi na ƙyalli, tunda ta nan take shan wuta. Kai kuwa sai ranar buɗe wa baƙi lambu ake ganin ƙeyarka. Neville ne ya zauna ya sa mata batir da rimot, don tsoho ya tuƙa abarsa daga kan kekensa na guragu. Batirin ya kama da wuta, haka ne. Baba ya miƙa hannu zai cece ta ya ƙone, haka ne. Sai kai kuma ka ga abin da ya rage a yi shi ne kisan kai.

Baba ya daina cin abinci. Ya sa na juya kekensa ya ba taga baya. Likitarsa ta ce in aka ci gaba a haka ba zai ga sanyin bana ba. Ni dai na yi rantsuwa sai Doris ta sake zagaya lambun nan yana kallo. Na nemi yadda ake cire gangar jikinta na rasa, kai da Baba kaɗai kuka san inda kusoshin suke, ko ranar sa batir shi ya buɗe ta ya rufe, shi kuma ko sunanta na ambata sai ya rufe ido. Ka rubuto ka gaya mini.

Ƙanwarka, ba da son raina ba,
Glenda

*

Gidan yari, watan Yuli

Glenda,

Gaisuwa. Ki gai da Baba. Mijinki kuwa, ki ce masa ya gode wa Stanley na ƙungiyar su Baba da ya riƙe ni ta baya, tsoho tukuf amma hannu kamar na maƙeri.

Ba zan gaya miki komai ba. Kin ba mahauci ɗaya ya farke ta, yanzu kina so ki zama na biyu? Mutumin da aikinsa sayar da labule shi ne zai taɓa cikin Doris? Ko fis mai katse wuta in ta yi yawa bai sa mata ba! Da idona na ga tukunyarta tana narkewa kamar kyandir, na ga fatar hannun Baba ta manne a jikinta, na ji irin kukan da ya yi. Ke kina can kina yanka kek. Da za a maido ni ranar, da hannun hagun ma ban bar masa ba.

Kuma jirgin da ba ya shan wuta daga layi ba jirgi ba ne, motar wasan yara ce. Tun ina ɗan makaranta nake goge layin nan da gwiwoyina. Ranar ma na iso a makare ta ƙofar baya, na tarar ba wanda ya ko duba rumfar da ake kunna wutar layi. Gida cike da mutane, amma sai ni.

Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ya tambaye ni me ya kawo ni. Da na gaya masa sai ya ce, "Kai, a kan jirgin roba? Ni aƙalla mota na sata." Yanzu shi ma romo yake sha, ni kuma an hana ni fita tsakar gida. Kada ki kuskura ki rubuto mini roba ko wasa.

Ki rufe Doris da tsumma ki ajiye har in fito. Wanda ya taɓa ta, ni da shi.

Yayanki,
Trevor

*

Todmorden, watan Agusta

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na taɓa ta. Sai ka fito ka karya ni.

Da guduma da kurfi na ɓalle gangar jikin, tunda ka ƙi. Ka san abin da na gani a ciki? 'Yan tagullar nan da ke gogar ƙafafunta suna ɗauko wuta daga layi, suna nan, da wayoyinsu ja da baƙa, ba a yanke ba. Ni da ba 'yar ƙungiya ba ma na san su ake fara yankewa in za a sa batir. Na ɗauke ta na dire wa Neville a cinya, na ce, "Kai jaki ne ko makaho?" Ya kawar da kai. Na shaƙo wuyan rigarsa, da muƙamuƙin nasa da komai, na girgiza shi. Ashe jinin namu ɗaya ne, Yaya, na ji kunyar kaina.

Stanley ne ya shigo ya raba mu. Ya ce, "Sake shi, 'yar nan, ina wurin. Ya ɗora filaya zai yanke, babanki ya cafke masa wuyan hannu, har da shatin farce. Cewa yake, 'A'a. Doris. A'a.'"

Ka manta wa ya liƙa wayoyin nan? Mama ce, da dalmarta, a teburin kicin, lokacin tana aiki a masana'antar rediyo. Duk cikin jirgin su kaɗai ne aikin hannunta. Neville ya kasa ƙwace hannunsa daga na tsoho mai kuka. Sai ya bar su, ya je rumfa ya zare filogin taransifoma daga bango, ya naɗe makunnin da salatif, ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana cewa yau ba wuta a layi. Muddin layi a mace yake, babu abin da zai faru.

Mutum ɗaya ne bai ji ba, don ya makara ya shigo ta ƙofar baya.

Stanley ya ce ya hango ka ta tagar rumfa kana ɓare salatif kana zagi, "Wane ɗan iska ne ya yi wannan?" Kafin ya taka da sandarsa ya iso, ka kunna. Wutar layi ta bi wayoyin Mama ta haɗu da ta batir. Sauran ka gani da idonka, har ka rubuto mini shi da kyau.

Na tambayi Neville me ya hana shi faɗa wa lauya. Ta tsakanin haƙora ya ce, "In ce tsohon ne? Yana zaune yana ji?" Fis kuwa gaskiyarka ce, bai sa ba, ya amsa wannan.

Baba ya rame har zobensa yana zamewa. Jiya ya kaɗe kwanon fate da gwiwar hannu ya tarwatse a ƙasa. Ba ni da lokacin jiran fushinka.

Glenda

*

Gidan yari, watan Satumba

Glenda,

Ina gaishe ku duka. Duka na ce.

Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna a naɗe yake. Bangon ɗakin nan ya fi Neville tauri.

Tunda kin riga kin fasa ta, saurara. Injin yana nan lafiya in dai yana juyawa da yatsa. Batir ki sa shi a taragon gawayi, ba cikin tukunya ba, can ya fi iska. Fis a kan jar waya, dab da batir, kafin komai. Wayar da ke kama saƙon rimot ki ɗaga ta sama, kada ta taɓa ƙarfe, in ba haka ba da ta shiga ramin dutse za ta daina jin magana. Neville ya san sauran, shi ya faɗa ke ki liƙa. Kan ƙarfen liƙi za ki ɗora a waya, ba a dalmar ba, kada ki yi mini ɗigo kamar kashin kaji.

Wayoyin Mama dole su fita. Amma kada ke ki yanke, kada Neville ya yanke. Ki sa wa Baba filaya a hannun hagu. In ya ƙi, ki bar ta a mace. Yi masa abu da ƙarfi ya isa haka, ni na fi kowa yi.

Ban san abin da zan ce a gaya wa mijinki ba. Na rubuta na yaga.

Trevor

*

Todmorden, watan Oktoba

Yaya Trevor,

Gaisuwa mai yawa. Na ƙone yatsu uku, Neville na bayana yana gurnani, "Ba nan ba, Glenda, jar, jar!" Har na ce in bai yi shiru ba zan ƙarasa aikin da ka fara. Ya yi dariya, ya sha zafi.

Da na sa wa Baba filaya, jifa ya yi da ita, ta fasa gilashin agogo. Na ɗauko na mayar masa. Ya sake jefawa, ta same ni a goshi, har yanzu da kumburi. Na uku ban miƙa ba, Neville ne ya ɗauko da karyayyen hannun nan ya ba shi, ya riƙe masa wayoyin. Baba ya daɗe yana kallon yatsun. Sannan ya yanke, ja, baƙa. Ya dunƙule su ya tura aljihun rigarsa.

Muka tura shi bakin tafki, rimot a cinyarsa. Fuskar Doris a narke take har yanzu, gefe ɗaya ya zubo, Stanley ya ce yanzu ne suka yi kama da mai ita, wato Baba. Ta tashi a kan layi mai ganye da kashin tsuntsu, ta shige ramin dutse ta fito. Na yi kuka kamar yarinya.

Daga nan Baba ya nuna rumfa. Ya sa aka sauko masa da taransifoma ƙasa, ya karɓi guduma. Yaya, ban san akwai sauran wannan ƙarfin a jikinsa ba. Ya yi ta dukanta yana ihu, ɓarɓashi na tashi, har gudumar ta faɗi. Da yamma ya cinye ƙwai biyu da burodi.

Takardar da ke ciki tasa ce. Da hagu ya rubuta, ya hana ni taimaka masa.

Ƙanwarka,
Glenda

*

Trevor,

Gaisuwa. Ta zagaya.

Layi ya yi datti, ba ruwanta. Ba sauran gogewa.

In ka fito ka zo. Gwiwoyin nan naka, Neville yana falo, a gabansa za ka sa su ƙasa.

Babanka