Kujerar Marigayi a Bakin Banɗaki

Gaisuwa irin ta manya, mai rakiyar jiniya, zuwa gareka Yaya Likita, da madam, da yara, da maƙota, har da magen gidanku in tana nan. Daga ƙaninka Sarkin Sitiyari, direban da ko rami ya ganshi sai ya kauce. Allah ya ƙara lafiya, ya tsareku da sanyin can. Mu nan kowa lau, Kaka ce kawai gwiwa ke damunta, amma bakinta garau yake, zaka ji.

Kasan tunda Kawu ya ajiye aiki kujerar shugaban kuɗi na kamfanin katifarmu take ba kowa. Kuma kasan Anti Akanta ta tsufa a muƙamin kwanturola, ita ke kwana da lissafi ita ke tashi dashi, ko banki suka kira ita suke nema. Kowa yace ai nata ne. Sai ga ɗan Baffa, Mai Kwat, ya dawo da digirinsa da turancin hanci, yace wai Anti ta iya tara lamba amma bata da hangen nesa. Anti da ta goyashi yana tsula mata fitsari! Ni kuma a gaban baƙi yace in dena ce masa ƙanina a ofis, in dinga cewa oga. Na haɗiye, nace wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Ya bi baffanni ɗaya bayan ɗaya yana haska musu zane a bango har suka fara gyaɗa kai. Anti ta shiga ofis ta rufe, ta fito ido jawur tace mura ce. Nan fa na rantse sai na rama mana.

Yaron nan tun ba a bashi muƙamin ba ya shiga ofishin Kawu da gyara. Kasan tsohuwar kujerar katako ta marigayi Kakanmu, wadda duk mai riƙe kuɗin gidan nan a kanta yake zama? Yace tana ɓata masa tsari, yasa aka fiddata, ya kawo mai juyi. Ina na ganta? A lungu bakin banɗaki, an ɗora mata bokiti da tsumman goge ƙasa. Ban taɓa ba. Washegari da na ɗauko Kaka daga asibiti sai nace mota tana zafi, bari mu tsaya kamfani ta huce. Motar da ko tari bata yi. Na riƙo hannunta a hankali, na bi da ita ta lungun nan, wai tanan yafi kusa.

Yaya, inama kana nan. Ta tsaya ta sauke bokitin da hannunta, ta goge kujerar da mayafinta, ta zauna, tace a kira mata Baffa da ɗansa. Mai Kwat ya fara bayani, tace ya rufe mata baki, wanda bai iya riƙe kujerar katako ba ina zai iya riƙe amanar gida. A take ta miƙe, tasa shi ya ɗauki kujerar a ka ya maida ofis, ma'aikata na leƙe ta taga. Ni na riƙe masa ƙofa, nace a hankali oga.

To amma ba a gama ba. Baffa ya dage sai anyi taron iyali kowa ya faɗi nasa, kuma yana ta kiran mutane a waya. In ya kiraka da daɗin baki kar ka yarda, kason Baba na kamfanin a hannunka yake. Anti bazata roƙeka ba, kasan halinta, ni ne mara kunyar gidan.

Ka gaida madam, da Auta, da surukinka mai dogon salati. Kaka na gaisheka, Anti ma. Ka turo muryarka a waya kace Anti ka zaɓa, in kunna a taron da ƙarfi. Sannan ka aiko min baƙin tabarau irin na masu tsaron manya, dan ranar da zan buɗe wa Anti ƙofar mota a matsayin shugabar kuɗi inaso in ƙare wa yaron nan kallo bai san ina kallonsa ba.

Naka har kullum,
Sarkin Sitiyari